Zaren Luba

Shekara talatin da ɗaya na koyar da labarin ƙasa
a Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya zo ya tsaya.
Na sha gaya wa yara cewa nisa lissafi ne:
ku ɗora zare a kan duniyar roba,
ku auna, ku ninka, ku kawo mini amsa.
Wanda ya kuskure, shi zai share allo.

Ran Talata na koma makarantar, ba alli a hannuna.
Maigadi ya buɗe mini ofis bai tambaye ni komai ba.
Duniyar tana nan a kan kabad,
ta tsage ta wajen kudu, an like ta da danƙo.

Na zo da zare daga gwangwanin ɗinkin Luba,
shuɗin nan da ta fara yi mini hula da shi
kafin ƙafafunta su kumbura.
Na danne bakinsa a nan,
inda ko sunan garinmu ba a rubuta ba,
na ja shi ta kan Chadi, ta kan Bahar Maliya,
ta kan yashin Larabawa, har Delhi.
Na datse da haƙori.
Ko taƙi ɗaya bai cika ba.

Kilomita dubu bakwai da 'yan kai, in ji lissafi.
Nafi'u ya yi dariya a waya:
"Baba, jirgi ba ya bin zarenka."
Sun yini a mota kafin Abuja,
sun sauka Habasha sun jira wani,
Inna ta ƙi cin abincin jirgi,
sai ƙuli-ƙulin da ta ƙulle a bakin gyale.
Matar da ba ta taɓa wuce Funtuwa ba
ta leƙa taga, ta ga gajimare a ƙarƙashinta,
ta ce auduga ce aka baza, ba mai saye.

Sun riga ni da awa huɗu da rabi.
Ina alwalar azahar, su suna jiran magariba.
Huɗun na iya da su.
Rabin nan ne ke hana ni barci.

Gobe da safe, safiyarsu, ni ina cikin dare,
za a ciro ƙoda daga cikin ɗa
a mayar cikin uwar da ta haife shi.
Na tambayi Nafi'u nisan gadonsa da nata.
Ya ce ya ƙirga: taku goma sha biyu.

Na naɗe zaren a ɗan yatsa na fito.
A bakin ƙofa wani mai babur ya tsaya,
ɗalibina ne, na manta sunansa.
Ya ga shuɗin a hannuna, ya gane.
"Malam, nawa ta ba ka?"

Na ce, ɗana, ban samu ba.
Juya da ni, in je in share allo.