Sikelin Mista Unnithan

An ba ni takarda a asibitinmu na Kottayam,
layi goma sha biyu, kowanne da ɗan akwatinsa.
Mista Unnithan ya ce, "Sista Sosamma, cike mana,
mu san nauyin da ke kanki,
ko a ƙaro miki hannu wajen horar da nas-nas."

Na zauna. Ruwan Yuni na dukan kwanon rufi,
shayina ya huce a kofin ƙarfe.

Darasin wanke hannu: minti arba'in.
Farfaɗo da zuciya a ƙirjin roba: awa biyu.
Biro bai yi gardama ba.

To, ina zan sa daren Talata,
da Nimmy ta nemi jijiyar jariri sau uku ta rasa,
ta shige ɗakin ajiyar zannuwa ta turo ƙofa?
Na tsaya a waje, ban ce uffan ba,
har kukanta ya lafa.
Sannan na miƙa mata bayan hannuna: "Soka nan."
Tabon na nan, baƙi, kamar ƙwayar masoro.
Wane akwati ne nasa?

Wani layi ya ce: adadin waɗanda kika horar.
Talatin da ɗaya, bana.
Ba layin da ya tambayi inda suke.
Tara sun hau jirgi.
Jibin na Dublin, yana turo min hoton dusar ƙanƙara
da tambayar awon magani, ƙarfe ukun dare.
Nakan amsa.
Tulu nake cikawa, ashe tulun na da fasfo.

Ba awon na ƙi ba.
Mahaifina ya tsufa yana tsaga itacen roba,
shi ya ce min abin da bai hau sikeli ba,
mai saye bai gan shi ba.

Don haka a can ƙasa, wurin "sauran ayyuka",
filin da bai kai faɗin yatsa biyu ba,
na rubuta: tsayuwa a bakin ƙofa, minti ashirin da biyar.

Washegari ya kira ni, tabarau a karan hanci.
"Sista, wannan koyarwa ce ko jira?"

Sai ƙararrawar gado na shida ta kaɗa.
Ta taga na hango Nimmy ta riga kowa miƙewa,
tire a hannu, hannun ba ya rawa.

Na ce, "Yallaɓai, sa shi inda ya fi maka sauƙin lissafi,"
na ɗauki kofina na fita.