Wayoyi Biyu, Ja da Baƙa

Iskar Patagoniya ta ƙwace rabin sunanta,
Nelida kawai ya iso kunnena.
Likitar tumaki ce, daga haihuwa mai wuya ta fito,
jini bai gama bushewa a hannun rigarta ba.
'Yar motarta ta mace a gefen hanya
kamar ba ta taɓa numfashi ba.

Ni kuwa dila shida na gashin tumaki na ɗauko
a bayan tsohuwar akori-kurata,
ina son Tres Lagos kafin almuru.
A hanyar nan ba a wuce mutum.
Kafin wata motar ta ɓullo
sanyi ya riga ya yi masa hukunci.

Na haɗa hancin tawa da tata,
na zaro wayoyi biyu, ja da baƙa.
Yatsuna sun ƙage. Hulata ta tsere,
na bi ta da ido, hannu yana aiki shi kaɗai.
Sai ji na yi tas!
Tartsatsi shuɗi, da ƙauri kamar an babbake kofato.
Na cire, na sake maƙalawa daidai.
Ba ta gani ba. Ni ma na yi kamar ban gani ba.

Murɗa ɗaya, tata ta ɗauka.
Ta miƙo min kwalbar jam na 'ya'yan kalafate,
ta ce kakarta ce ta dafa,
ta ɗaga hannu, tsakuwa ta yi ƙara, ta tafi.

Kilomita talatin lafiya lau.
Sannan jar fitilar batir ta buɗe ido.
Rediyo ya yi tari ya haɗiye maganarsa,
allurar mai ta ce tanki ya cika,
ta dawo ta ce babu ko ɗigo.
Waifa ta tashi tana share ruwan da bai sauka ba.
Na taka totur, injin ya yi gardama,
ya ja, ya saki, ya ja,
kamar tsoho mai hawan tudu da buhu a ka.
Fitilun gaba suka koma kalar shayi.

Na kashe hita, na kashe duk abin da ke cin wuta.
Ina lallashinta da baki:
shekara goma sha tara muna tare,
kada ki yi min haka gaban gwanako.
Su kuwa suna tsaye a kan shinge, suna tauna,
ba ruwansu.

A ƙofar garejin Ceferino Ojeda ta cika,
taku goma ya rage, na tura da kafaɗa.
Ya fito da ƙoƙon mate a hannu,
ya sa mita, ya shinshina altaneta,
ya zaro fis uku ya jera min a tafi
kamar haƙoran da aka cire.
Ya ce, Evaristo, wa ka ba wuta yau?
Na ce iska ce.
Ya ce iska ba ta riƙe waya.

Altaneta ta ƙone, sabuwa sai daga Río Gallegos,
ranar Alhamis, in direban bas bai manta ba.
Ƙwaƙwalwar motar kuma, ya ce, sai mun gani.
Kuɗin zai cinye ladan dila shida,
ya leƙa na bakwai da ban ɗauko ba.

Na kwana a kan benci, kusa da murhu.
Babu burodi, babu cokali,
da sukundireba na buɗe kwalbar,
da yatsa na ci rabi.
Tsami ne da farko, zaƙin sai daga baya.

Da safe Ceferino ya ɗauko wayoyin zai jefa a shara,
bakin jar ya narke kaɗan.
Na karɓe.
Na naɗa wa ƙarshenta farin tef mai kauri
yadda ko a duhu yatsa zai gane,
na mayar ƙarƙashin kujera.