Dole Ta Biyu

Dole ɗaya na sani a Damagaram tun tasowata,
kasuwa ce, ranar Alhamis take batsewa,
ka kai fata, ka komo da gero a kan amalanke.
Sai ga ta biyu ta shigo Birni a bakin mai unguwa,
da takarda mai hatimi a hannunsa:
kowane yaro lakwal, ba a biyan ko dala,
wanda ya ɓoye ɗa, hukuma ta san ƙofarsa.

Na dubi Mutari a bakin kwatarniya,
hannunsa ya rine da ruwan bagaruwa.
Shi ke jiƙa, shi ke shanya,
shi ke miƙo kartaji tun ban buɗe baki ba.
Na ce, tilas ba ta rasa ɗakin kwana.
Na wanke masa hannu da toka har sau uku,
warin jima ya ƙi fita.
Haka ya tafi, ƙanwarsa Fassuma na bin sa a guje.

Kyauta, in ji su.
Amma banza ba ta kai zomo kasuwa.
Ga kaye, ga biro, ga allon rubutu,
ga kuɗin zana, don ajin nasu na kara ne,
ba ya tsayuwa sai manoma sun gama girbi.
Su tamanin da bakwai a ƙarƙashin rumfa guda,
wasu kan buhu, wasu kan takalmansu,
na baya ba ya jin komai sai kukan awakin maƙwabta.
Mushe Zabairu wata biyu bai ga albashi ba,
na gan shi da dare yana kabu-kabu a Zango,
ya kau da kai, ni ma na kau da nawa.

Fata bakwai suka ruɓe mini a shekarar.
Bayana ya ƙi sunkuyo, ba mai kama mini.
Nakan ce wa uwarsu: wanda ya rubuta dokar nan
bai taɓa jiran famfo ya kawo ruwa da asuba ba,
bai san ɗan talaka hannu ne, ba baki kaɗai ba.
Takan yi shiru, tana ɗinke jakar Fassuma.

Shekara ta uku, wata Alhamis da la'asar,
dillali ya miƙo guntuwar takarda kamar kullum.
Da can ninkewa nake, in cusa a hula.
Mutari ya ce, Baba, tsaya.
Ya bi layin da yatsa, leɓensa na rawa,
ya ce fata arba'in muka kawo,
talatin da shida aka rubuta a nan.
Dillali ya yi dariya, ya ce alƙalami ne ya zame.
Na tsaya ina ƙirga shekarun
da alƙalamin nan ya yi yana zamewa a kaina.

Ban ce komai ba har muka wuce duwatsu.
A bakin masallaci na saya masa ƙosai na dala goma.

Ba zan ce dokar ta cika alkawari ba.
Jiya iska ta kwashe rabin rumfar,
yau an ce malamai sun tafi yaji.
Fassuma na tsugune tana rubuta sunanta da gawayi
a bayan kirgin da zan kai kasuwa.
Na ɗaga murya zan tsawata,
sai ta ce, Baba, ga naka ma a ƙasa.

Na duba, na daɗe ina dubawa.
Ban san ta ina ake fara karanta shi ba.
Kirgin na nan rataye a zaure,
dillali ya taya sau biyu.