Tsibirin Kalanda

Shekara tara hoton nan yana bangon shagonka,
bayan keken ɗinki, sama da rediyo:
farin rairayi, bishiyar kwakwa ta sunkuya,
ruwa shuɗi kamar an kaɗa bula a ciki.
Kalandar ta daɗe da ƙarewa, Nafi'u,
ka yanke watannin, ka bar tekun.

"Wata rana, Bara'atu," haka kake cewa,
allura a baki, tef a wuya.
Wata rana ta tafi a kuɗin makaranta,
ta tafi a haya, ta tafi a maganin Inna,
saura kwanon rufi ya cinye.

To yau ka cika hamsin cif.
Na kwashi adashena ban shawarci kowa ba.
Yara suna gidan Yaya a Unguwar Rimi,
makullin shago yana ƙasan jakata,
masu ɗinkin biki su ci kansu.

Ba jirgin sama, ba fasfo.
Ɗan masauki ne a bakin kogi, bayan Kabala,
bukka huɗu masu rufin ciyawa,
da Ndagi mai kwalekwale
wanda ya ce in ruwa ya ja baya
yakan bar tsibiri a tsakiya, kyauta.

Ka riƙe gefen jirgin da hannu biyu
kana tambayar ko har yanzu akwai kada.
Ndagi ya ce sun yi ritaya tun tuni,
sunansu kawai suka bar wa gari.

Muka sauka.
Rairayin ba fari ba ne, ruwan ƙasa-ƙasa ne,
kogin kuma kalar shayi mai madara.
Giginya ɗaya ce tsaye can tsallake.
Kwakwa kuwa daga kasuwa na zo da ita,
na fasa ta da dutse, rabin ruwan ya bi hannuna.

Kek ya narke tun a hanya,
sunanka ya koma Nafi, sauran ya zame.
Na kunna kyandir, iska ta riga ka hurawa.
Sau uku. Muka bar mata.
Karfasa gasasshiya da yaji a takarda,
zoɓo mai ƙanƙara, kofi ɗaya, don na manta ɗayan.

Sai ka kwanta ƙarƙashin lema
ka ɗora hula a fuska.
Rabon da in ga hannayenka ba komai a ciki
tun muna gidan haya a Tudun Wada.
Ga su a buɗe kan rairayi,
kantar almakashi a babban yatsa.
Amma ƙafarka ta dama ba ta samu labari ba:
cikin barci tana taka keke,
sama, ƙasa, sama, ƙasa,
tana ɗinke wata rigar da babu.
Na ɗebi rairayi mai ɗumi na binne ta.
Ta tsaya.

Balbela biyu suna kiwo a gefen ruwa.
Hon ɗin motocin gada yana zuwa a gajiye,
kamar rigimar gidan da ba naka ba.
Wayarka a kashe. Ban karanta komai ba,
ban ƙirga komai ba. Na zauna kawai.

La'asar muka yi alwala da kogin,
ka ja mu salla, goshinmu duk yashi.
Da ka sallame, ashe tef yana aljihu,
ka tashi ka auna tsibirin, wai don ka sani:
yadi sittin da ɗaya, da ɗan ƙari.
Ka ce bai isa ko anko na unguwa ba.

Ndagi ya dawo rana tana ja.
Ya ce ruwan farko in ya sauko daga tudu
nan duka zai nitse, sai baɗi,
kuma ba lallai ya fito a wuri ɗaya ba.
Ka yi shiru. Ka cire takalmi ɗaya
ka dubi yashin da ya taru a ciki,
ka mayar ba ka kaɗe ba.

A jirgi ka saki gefen.
Hannu ɗaya cikin ruwa, ɗaya a nawa,
ka ce, "Gobe ma kar ki ba ni makullin nan."