Awon Ƙafa

Shekara arba'in ina duƙe a Ƙofar Wambai.
Fuskar mutum takan ɓace mini, ƙafarsa ba ta ɓacewa.
Miƙo dunduniya in gaya maka nauyin bashin da ke kanka.

Ran Laraba Dakta Ladidi ta tsaya a rumfata,
ba tsinkakken takalmi ta kawo ba.
Ta ce, Baba Tanko, rufe, akwai ƙafar da za ka auna.
Na ce, wa zai biya ni yinin?
Ta ce, mai ƙafar dai ba ta da ko sisi.

Bayan Goron Dutse ne, inda ake haƙa harsashin shaguna.
Leburori sun wuce jar ƙasa, sun wuce marmara,
sai diga ta daki wata laka
da ta ƙame kamar gindin tukunya.
A kanta, sawu goma sha ɗaya.

Ɗalibai na sharewa da buroshin fenti
kamar masu cire haki a idon jariri.
An ja zare, an kafa lamba, an ɗau hoto.
Ta ce shekarun sai ɗakin gwaji ya yi magana,
amma a zatonta, kafin ganuwa ne,
kafin maƙera su hura wuta a Dala,
kafin a raɗa wa garin nan suna.

Na tuɓe takalmina na sauka.

Mace ce, na ce, ko da yake ba zan rantse ba.
Babban yatsa a ware, bai taɓa sanin matsin fata ba.
Hagu ta fi nitsewa:
akwai kaya a wannan ƙugun.
A taku na bakwai kayan ya sauko,
ga shi nan, ƙafafu kamar ƙosai biyu,
ya yi uku, tangal-tangal,
aka sake sure shi.

Ladidi ta nuna da fensir:
kofato, rababbe, faɗin tafin hannuna.
Ɓauna, ko kakar ɓauna.
Ta taka gefen sawun yaron,
wato a bayansu ta ratso.
Da ƙiftawar ido? Da kwana biyu?
Laka ba ta riƙe agogo.
Ni dai na ƙirga takun uwar bayan nan,
na ga bai ƙara faɗi ba.
Ba ta yi gudu ba. Na ji sanyi a raina
kamar 'yata ce.

Mai filin, Alhaji Shekarau, na tsaye a baki,
ba mugu ba ne, siminti ya saya,
hadari kuma ya haɗo daga gabas.
Ya ce, na ba ku zuwa Asabar.
Ladidi ta rubuta wa hukuma takarda uku.
Kafin amsa, suka zuba ruwan roba a kowane sawu,
suka bi da filasta, suka ɓamɓaro,
sai ga tafin ƙafa a hannun mutum, fari fat,
har da faso.
Suka shimfiɗa yadi, suka rufe da yashi mai laushi
yadda ake lulluɓe mai barci.

Ni na yagi takardar buhun siminti
na zana ta, yadda nake wa kowa.
Da dare na yanka fata.
Lamba talatin da bakwai, mai faɗin gaba.
Na rataye.

Jiya, bayan ruwa ya ɗauke,
wata mai awara ta sa ƙafa, goyo a ƙugun hagu.
Ya zauna mata ɗas.
Nawa? Na ce ba na sayarwa ba ne, an riga an yi oda.
Ta yi tsaki, ta riƙe silifas ɗinta da ya tsinke,
ta ratsa taɓon bakin titi ba takalmi.

Na ƙirga: tara.
Kafin in laluɓo fensir a kunnena
A Daidaita Sahu ya bi ta kai.