A Juye Ake Sassaƙa Gaisuwa

Tun da injinan masaƙar Kakuri suka yi shiru
hannuna bai yarda ya yi ritaya ba.
Shekara ashirin da uku ina zana furen atamfa,
yau ga ni a baranda, a Tudun Nufawa,
da reza, da gindin tsohon silifa,
ina fafe roba kamar mai gyaran ƙwarya.

Abu na farko da hatimi ke koya maka:
in kana son magana ta fito daidai
sai ka sassaƙa ta a juye.
Silifa huɗu na ɓata kafin in gane.
"Barka" ta farko da na buga
sai da madubi aka karanta ta.
Uwani, jikata, ta yi dariya har ta ƙware da kunu.

Ta ce, "Kaka, wa ke aika kati yanzu?
Ba ni wayarka, kafin ka ƙifta ido
na gaida mutum ɗari."
Na ce, ɗarin nan taki, wa ya taɓa adana ta a ƙasan akwati
tsakanin takardar fili da hoton aure?

Kwalin, ragowar yanka ne
daga masu ɗab'i na bayan babbar kasuwa.
Tawada kuwa ba ta son zari:
ka shafa kaɗan, ka danna sau ɗaya, ka riƙe numfashi,
ka ɗaga tsaye.
Wanda ya murza ya ga kwaɓa.
Tun da danshinta nake barbaɗa gari mai ruwan zinariya,
in kakkaɓe, in kara takardar bisa dutsen guga.
Kusa, ta ƙone. Nesa, garin ya yi barci.
In ka dace, sai harafi ya narke, ya kumburo, ya yi sheƙi
kamar ƙosai ya ji mai.

Na suna biyu sun tafi, na saukar karatu ɗaya.
Saura na Dogara.

Dogara, mai haɗa rini a layin da nake zane.
Kwano ɗaya muke sa hannu da azahar,
har zuwa shekarar da gari ya yage kamar tsohon yadi,
kowa ya kwashi kayansa ya bi gaɓar da zai iya barci.
Shi Sabon Tasha, ni nan.
Kogi a tsakani, gada kuma
ta ƙara tsawo fiye da yadda aka gina ta.
Bara na haɗu da ɗansa a layin banki,
ya ce yana ta rufe idon Baba.
Mutumin da ke bambance shuɗi bakwai!

To me zinariya za ta yi masa?
Na ture tawada gefe. Na kifa kwali a kan tsohon bargo,
na ɗauki biron da ya mutu,
na riƙa dannawa ta baya, a hankali, kada ya huje,
a juye, kamar kullum.
Ba surutu. Furen nan mai kunne biyar
da muka fitar shekarar da aka haifi Saratunsa,
wanda mata suka raɗa wa suna Albashi-ya-shigo.
Sai "Barka da Kirsimeti" a ƙasa, manya-manya,
sai sunana, Tanimu, don ya san mai laifin.

Dare uku. Babban yatsana ya yi kanta.
Na rufe ido na shafa
don in ji abin da zai ji:
kunne ɗaya ya fi 'yan'uwansa tudu.
Na bar shi haka.
Dogara ba ya jin daɗin aiki sai ya samu abin kushewa.

Uwani ce za ta kai, ta ce ta san motar.
Na ce, kada ki karanta masa.
Ki sa masa a tafi kawai, ki yi shiru,
ki lura min da inda yatsansa ya tsaya.