Kyauta Ce, In Ji Allo

Shagona taku huɗu ne a uku,
a Samaru, bayan masu gyaran takalma,
inda janareton Ilu mai aski ke tari tun hantsi.
Shekara tara ina buga wa ɗalibai kundin kammala karatu,
ni da ban kammala komai ba.

Ranar Laraba, saura kwana shida a miƙa kundi,
manhajar da nake juya takardu da ita ta ce wa'adinta ya cika,
ta miƙo hannu tana neman dala.
Dala! Ni da ke rigima kan canjin naira hamsin.
Sai na tambayi intanet, kamar baƙo mai tambayar hanya a Kwangila.
Wanda ya fara amsawa shi ne a saman layi,
sanye da tambarin kamfani, shuɗi, tsaf,
kamar yanzu aka karɓo shi daga wurin mai guga.
Kyauta ce, in ji shi. Latsa nan.

Na latsa.
Ya ce ka yarda? Na ce na yarda.
Ya ce mu ci gaba? Na ce mu je.
Wani koren zare ya yi ta rarrafe a allo har ya kai bango,
ni kuwa na aiki yaro ya sayo min ƙosai,
ina jin duk Zazzau babu mai wayona.

Ba a ɓalle kwaɗo ba, ba a haura katanga ba,
karen maigadi ko kunne bai ɗaga ba.
Kwana uku baƙon na zaune a cikin injina,
bai nemi ruwa ba, bai yi gyaran murya ba,
yatsuna kawai yake kallo,
yana haddace lambobin sirrina ɗaya bayan ɗaya.

Asabar da asuba, kafin liman ya sallame,
wayata ta girgiza sau huɗu a aljihu.
Dubu ɗari da tamanin, adashin layinmu da ke hannuna,
na Ilu, na Sahura mai fura, na Tanimu mai faci,
sun tashi kamar tantabarun da aka jefa.
Da na buɗe shago, kundin Lantana, babi biyar,
ya koma tarkacen haruffa marasa uwa marasa uba,
ga saƙo a ƙasa: biya, mu ba ka mabuɗi.

A banki, can PZ, na yi layi har azahar.
Yarinyar ta duba allo, ta dube ni,
ta ce, Baba, ai da izininka aka fitar.
Ban yi musu ba.
In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kai da ban san ƙasarka ba,
ban san ko rana kake gani yanzu ko wata ba,
shin ka san Sahura da kuɗin nan za ta sayi firji?
A wurinka mu lamba ce, ɗaya cikin dubu da suka latsa.
Ko zagin da nake maka ba shi da adireshi.

Wani yaro a Sabon Gari ya wanke injin tas, har da nawa na kirki.
Lantana ba ta ce min uffan ba.
Ta ajiye littattafanta na rubutun hannu a kan tebur,
ta jawo benci, tana karantawa ina bugawa,
dare biyu, da hasken janareton Ilu,
wanda har yau bai tambaye ni kuɗinsa ba,
kuma wannan shirun ya fi min ciwo.

A babi na biyu muryarta ta kai kan ƙuduji:
yana kama saiwar dawa tun a ƙarƙashin ƙasa,
yana tsotso makonni ba wanda ya sani,
ranar da manomi ya ga furensa mai kyau,
gona ta riga ta tafi.

Na tsayar da hannu.
Ta ce, Malam Mati, na yi sauri ne?
Na ce a'a. Maimaita min wurin nan.